Abin da Mai Leƙe Yake Gani

A tashar wutar lantarkin da ke bakin kogi akwai wata taga wadda faɗinta bai wuce na faranti ba. Gilashinta mai kauri ne, an ɗaure shi da kusoshi a jikin wani bangon ƙarfe, kuma sai mutum ya hau ɗan tsani kafin ya kai gare ta. Akwai mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa, ya ɗora da tsufansa, yana manna goshi a wannan gilashin, har sunansa na yanka ya ɓata a tashar. Mai Leƙe ake ce masa. Sababbin ma'aikata in suka ji sai su ƙunshe dariya, su ɗauka wani abin kunya ya taɓa yi a unguwa. Shi kuwa ko a jikinsa. "Ni nawa leƙen da izinin hukuma nake yi," yakan ce. "Ku fa?" A gida kuma Auta ne, ko da furfura ta gama cinye masa gemu.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga magana da ƙarfi kamar mai faɗa, don ƙarar injin ta daɗe da cin rabin kunnensa. Ba ka raba shi da abu biyu, tocila a aljihun hagu, sifana a na dama. Matarsa ta gaji da ɗinke masa aljihu, har ta ce in ya mutu da su za a binne shi, ya ce ai ta rage masa wahalar wasiyya.

Injin tashar irin na jirgin sama ne, sai dai shi an ɗaure shi a ƙasa, yana cin iskar gas yana juya janareta. Ba abin da yake zuƙa kamar iskar waje. Yana jawo ta ta cikin wani ɗakin ƙarfe mai tsawo, ɗakin iska, a ƙarshen ɗakin kuma ga bakin injin, an jera masa fuka-fukan ƙarfe a zagaye. Su ba sa juyawa. Aikinsu su karkata iskar ta faɗa daidai kan farfelar da ke gudu a bayansu. To iska in aka ja ta da ƙarfi ta matsatstsiyar hanya sanyi take ƙarawa, kamar yadda mutum ke tsuke baki ya hura shayi. Shi ya sa a safiyar da hazo mai laima ya taso daga kogi, za ka ga ruwan bokiti a waje bai daskare ba, amma fuka-fukan nan sun fara yin ƙanƙara. Farko siririya take zuwa, kamar an barbaɗa gari. Daga nan ta yi kauri. In kuwa gutsure ya ɓalle ya faɗa cikin farfelar, to ba bambancinsa da dutse, sai ya karya ƙarfe, ƙarfen ya fito neman wanda ke kusa.

Maganin wani bututu ne da ke ɗebo iska mai zafi daga cikin injin ya dawo da ita bakinsa. Ba a barinsa a buɗe kullum, don yana rage wa injin ƙarfi. Akwai na'urorin da ke auna sanyi da laima, ana kuma aiki da su, amma hazon wannan kogin yakan ruɗe su jefi-jefi. Saboda haka tun zamanin mutanen farko aka bar wata ƙa'ida: ido ɗaya a taga, hannu ɗaya a kan bawul, wato abin da ake murɗawa a buɗe bututun zafin. Tsakanin mai taga da mai bawul akwai bango, akwai kuma ƙarar da ko ihu ka yi kai kanka ba za ka ji ba. Bututun ne ke kai saƙo. Mai taga ya buga shi sau ɗaya da sifana, lafiya ke nan. Ya yi ta bugawa ba tsayawa, a buɗe zafi.

Wansa ne ya kawo shi aikin. Yaya shi ne mai taga na farko da aka sani, dogon mutum marar hayaniya, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan faɗa saboda wata tsohuwar karaya, ga rigar aikin da matarsa ta yi ta wankewa har ta bar shuɗi ta koma fara. Tun mahaifinsu ya rasu shi ya riƙe Auta, shi ya saya masa takalmin makaranta, shi ya je ya nemo masa aure. Koyarwarsa ba ta da yawan magana. Sai ya kama ƙeyar Auta ya manna masa fuska a gilashi.

"Me ka gani?"

"Ƙarfe."

"Sake dubawa. Gefen fiffiken, inda iska ke fara bugu. Ya yi sheƙi ko ya dushe?"

"Ya ɗan dushe, Yaya."

"To ita ke nan tana sallama. Yanzu ake bugawa. Ƙanƙara hana ta zama ake yi, Auta. In ka bari ta yi kauri sannan ka sakar mata zafi, ba narkewa za ta yi ba, ɓallewa za ta yi ta faɗa ciki. Ka buga da wuri a zage ka, ya fi."

Ranar da abin ya faru, an wayi gari da wani hazo da ko tsofaffin tashar ba su taɓa ganin irinsa ba. Sanyin ya wuce misali, har aka kashe injin gaba ɗaya, don ƙanƙara ta kama rufin ɗakin iska daga ciki, ta yi faifai-faifai a sama. A lokacin in haka ta faru mutum ake turawa da gudumar katako ya farfasa ta. Yaya ya ce shi zai shiga. Ya sa Auta ya tsaya a taga ya haska masa.

Auta yana haskawa, yana kallon bayan Yaya a gaban fuka-fukan, yana aiki a natse. Can ya ɗaga tocilar sama kaɗan, sai ya ga wani faifan ƙanƙara kamar ƙyauren ƙofa ya rabu da rufi ta gefe ɗaya, yana lilo daidai kan Yaya. Ya kwarma ihu. Gilashin ya haɗiye ihun. Ya shiga dukan gilashin da tafin hannu iya ƙarfinsa. Yaya, wanda ya riga ya ɗaga ƙafa zai matsa gaba, sai ya tsaya. Ya fara juyowa. Bai ƙarasa ba faifan ya sauko masa.

Kafin a fito da shi rai ya yi halinsa. Aka yi ta'aziyya, aka sauya doka, ba a ƙara tura mutum cikin ɗakin nan ba sai an ɗumama shi. Ba wanda ya ɗora wa Auta laifi, kuma gaskiya ba shi da shi. Amma akwai tambayar da ta zauna masa a ƙirji ta ƙi tashi: shin Yaya ya ji bugun nan ne ya tsaya? In ya ji, to da bai buga ba, da ƙafar nan ta sauka gaba, da faifan ya faɗi a bayansa. In kuma bai ji ba, me ya juyo da shi? Fuskar ce kaɗai za ta gaya masa, fuskar kuwa bai gan ta ba.

Shugabanni suka tausaya masa, suka ce ya koma sito, wurin ba da kayan aiki. Ya ƙi ƙememe. Ya ɗauki tocilar Yaya ya hau tsanin, tun daga ranar ya zama Mai Leƙe.

Shekaru suka yi ta wucewa yadda suka saba, ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki. An sauya shugabanni, an sauya fentin tashar, an sauya na'urori, shi yana nan. Ba ya shan ruwa mai ƙanƙara, ba ya buɗe saman firij, a gida an san da haka ba a kuma tambaya. Duk safiyar da hazo zai taso, kafin a tashe shi ya tashi, ya buɗe ƙofa ya shaƙi iska, ya ce da matarsa, "Yau akwai baƙuwa." Ranar hutunsa kuma ba ya fashin zuwa gidan matar Yaya, wadda ba ta sake aure ba. Ya gyara mata famfo, ya ɗaure mata igiyar shanya, ta yi ta tsokanarsa. "Auta, kai ma ka tsufa? Oh ni. Yaron da na wanke wa kai."

Idon ne ya fara ba shi labarin tsufan da gaske. Fitilun titi suka fara yin rawani. Fuskar jikarsa daga ƙofar gida sai ya ga kamar ta bayan labule. Ya goge ido, ya ce gajiya ce. Ya goge gilashin tagar da hannun riga, ya ce tururi ne.

Wata safiya mai hazo ya hau tsani, ya manna goshi, ya kunna tocila. Injin na ruri, iska na wucewa cikin ɗakin da ƙarfin da zai ɗauke saniya. A gaban fuka-fukan, ɗan gefen hagu, sai ya ga mutum a tsaye. Dogo, cikin farar riga, ya ba shi baya, kafaɗa ɗaya ta faɗa.

Tocilar ta kusa suɓuce masa. Ya ɗago, ya dubi bangon, ya dubi hannunsa, ya yi addu'ar da ta zo bakinsa, ya sake mannawa. Yana nan. Ba ya motsi, iskar ma ba ta kaɗa masa riga.

Kada wani ya ce Mai Leƙe mutumin banza ne mai bin tatsuniya. Ya san ba ɗan Adam da zai tsaya a ɗakin nan injin na gudu. Ya san wanda ya tafi ya tafi, shi da kansa ya sa shi a kabari. Ya kuma sha jinin jikinsa cewa farin da ke cikin idonsa ne ke haɗuwa da hasken tocila da sheƙin ƙarfe su yi masa wannan siffa. Duk ya sani. Amma sani bai hana shi kwana yana roƙon gobe ma a yi hazo ba.

Aka kuwa yi. Siffar ba ta zuwa sai a safiyar hazo, sai kuma ya riƙe tocilar ta wata fuska. Yadda idon ke ƙara dushewa, haka take ƙara fitowa. Da farko inuwa ce kawai. Kafin sanyin shekarar ya fita, har ƙeyar yake gani.

Sai dai ga inda matsalar take. Idon da ke nuna masa Yaya ya daina nuna masa gefen fiffike. Ko'ina fari-fari yake gani, bai san na ƙarfe ba, bai san na ido ba. Don kada a yi asara sai ya koma bugawa duk lokacin da ya yi shakka, shakkar kuwa kullum ce. Mai bawul, wani mutum da ake kira Dogo, wanda suka yi shekaru suna aiki tare, shi ya fara ƙorafi a wurin shan shayi.

"Mai Leƙe, hannuna ya kusa cirewa. Jiya rana tsaka, iska a bushe, ka sa ni murɗa bawul. Ƙanƙarar a ina ka gan ta, a mafarki?"

"In ka gaji ka ce ka gaji, malalaci."

"Ni dai na faɗa. Ka je a duba maka fitilun nan naka."

Maganar ta kai kunnen shugabar sashensu, wadda kowa ke kira Injiniya. Mace ce mai natsuwa, sa'ar babbar 'yarsa, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Wata safiya da ya buga, sai ta hau tsanin da kanta, ta karɓi tocilar ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Da suka fito inda ake jin magana ta ce, "Baba, fuka-fukan tas suke."

Ya karɓi tocilarsa ya mayar aljihu. Ta ci gaba.

"Ban zo don in raba ka da tagar nan ba. Idonka nake so a wurin, ba na wani ba. Amma ido mai gani. Ka je asibiti, don Allah."

Ya je. Likitan ido ya haska masa wata 'yar fitila, ya ce yanar ido ce ta rufe masa su, duka biyun. Ƙaramin aiki ne, a kwashe ta, ya koma gani kamar saurayi. Mai Leƙe ya yi godiya, ya fito, ya shiga jan ƙafa. Yau ya ce sai jikarsa ta warke daga mura, gobe ya ce sai an gama gyaran rufin gida. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji, ta ɗauka tsoron wuƙa yake yi. Injiniya ta ba shi zuwa ƙarshen sanyi mai kamawa, ta kuma ce kafin nan duk safiyar hazo ita ma za ta riƙa zuwa ta duba bayansa. Ya ce ya yarda.

Mutum ɗaya kawai ya gaya wa gaskiya. Yana durƙushe a gindin famfon matar Yaya, bai ɗago ba, ya ce, "Ina ganinsa."

Ba ta tambayi ko wa yake nufi ba. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta, ta zauna a bakin baranda.

"A ina?"

"A ɗakin iska. Inda ya tsaya."

"Ya tsufa?"

"Yana nan yadda yake. Har rigar."

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. "Ya juyo?"

"Bai juyo ba tukuna. Amma kullum kamar yana ƙara karkatowa. In aka kwashe yanar nan, shi ke nan, na san ba zan ƙara ganinsa ba. So nake in ga fuskar sau ɗaya."

"Auta," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ka san ba shi ba ne."

"Na sani."

"To Allah ya sawwaƙe mana," ta ce, ba ta ƙara ba. Da zai tafi ta raka shi har bakin ƙofa, abin da ba ta saba yi ba, kuma ranar ba ta tsokane shi ba.

Sanyi ya kama. Wata safiya hazo ya taso mai nauyi, irin wanda ke jiƙa gashin gira. Na'urori suka ce ba komai tukuna. Injiniya tana can ɗaya gefen tashar, wani famfon mai ya tsaya mata, ta aiko a ce masa tana tafe. Mai Leƙe ya hau tsani shi kaɗai.

Bai taɓa ganinsa fili kamar ranar ba. Ba inuwa ba ce, jiki ne sosai. Farar rigar har ninkinta ya fito, kafaɗar nan da ta faɗa kamar ka miƙa hannu ka dafa. Kuma yana juyowa. A hankali ƙwarai, amma yana juyowa. Ƙeyar ta karkata, ga gefen wuya, ga wani abu kamar kunne yana fitowa. Mai Leƙe ya tsaya kamar an dasa shi. Ya manta da sifana, ya manta da Dogo, ya manta da injin da ke ruri a ƙarƙashin ƙafarsa. Bakinsa yana motsi, yana cewa, "Yaya. Yaya, ni ne."

Allah kaɗai ya san tsawon tsayuwar da ya yi. Abin da ya dawo da shi wani ɗan ƙyalli ne. Hasken tocilar ya ɗan zame, sai kafaɗar ta yi walƙiya. Yanar ido ba ta walƙiya. Riga ma ba ta yi. Abu ɗaya ne ya sani a duniya da ke mayar da hasken tocila haka, ya kuma fi kowa saninsa.

Sai ya gane. Yau siffar ta yi jiki ne don akwai abin da ya ba ta jiki. Ƙanƙara ce ta hau fuka-fukan gefen hagu, tana ƙaruwa a idonsa, tana ƙara kauri, shi kuma yana ganin ƙaruwar a matsayin juyowa. Ta daɗe da wuce sallama, ta shigo ta zauna. A bayan bangon nan ga Dogo tsaye kusa da cikin injin, hannu a kan bawul, yana jiran saƙo.

Ya ciro sifanar. Ya sake duban gilashin, don zuciya ba ta da kunya. Saura kaɗan. Ga gefen kunci yana fitowa. In ya ƙara jira ɗan lokaci ƙalilan, ƙila ya ga ido. Ya san ƙarya ce, ya kuma san ita ce ƙaryar da ya fi so a rayuwarsa.

Ya ɗaga hannu ya sauke wa bututun. Ya yi ta bugawa, ya yi ta bugawa, har sifanar ta fasa masa fatar yatsa, bai ɗauke goshinsa daga gilashin ba. Ya ji bututun ya fara ɗumi a gefen hannunsa. Yana kallo kuncin ya dushe, kunnen ya zube, ruwa ya fara bin fiffike. Kafaɗar ce ta ƙi narkewa. Ta tsage ta tsakiya, wani gutsure ya ɓalle ya shige ciki. Injin ya yi wani irin tari, ƙasa ta girgiza, tsanin ya kaɗa. Mai Leƙe ya runtse ido yana jiran ƙarar da za ta biyo baya. Ba ta zo ba. Da ya buɗe, ba kowa a ɗakin, sai ruwa da iska ke kwashewa.

Aka kashe injin aka buɗe. Farfela ɗaya ta ɗan lanƙwashe a baki, aikin kwanaki ne. Ba wanda ya ji ciwo. Injiniya ta same shi zaune a gindin tsani, yatsa na jini.

"Na makara," ya ce, tun kafin ta tambaya. "Na gan ta, na tsaya kallo. Ki sa wani a tagar. Zan je a yi aikin."

Ta durƙusa ta ɗaure masa yatsan da hankicinta. "Ni ma na makara, Baba. Na ce zan zo ban zo ba. Je ka a gyara idon, tagar na nan tana jiranka."

Dogo bai yi masa tsiya ba ranar. Ya kawo masa shayi, ya zauna kusa da shi.

Kafin ya tafi asibiti ya biya ta gidan matar Yaya. Tana ganin fuskarsa ta ajiye wankin da take yi.

"Ya juyo?"

"Ya kusa. Na ga kunnensa, na ga gefen kuncinsa. Sai na buga bututu."

Ta goge hannunta a zani. Can ta ce, "Ai shi ya koya maka."

"Ban san ko ya ji bugun da na yi ba ranar da faifan ya faɗo masa. Shi nake so in sani."

"Haba Auta. Na zauna da mutumin nan, na san shi. Ko cikin kasuwa ka yi tari sai ya waiwaya ya ga ko lafiyarka. Ya ji ka."

"Shi ne abin da nake tsoro."

"Na sani," ta ce. "Da ka gani ka yi shiru fa? Da da wane ido za ka dube ni duk shekarun nan?" Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta koma kan wankinta. Ya tsaya ya taya ta matse zannuwan.

Aka yi aikin, ido ɗaya, bayan an huta aka yi ɗayan. Da aka cire masa bandeji ya ga duniya ta yi kaifi har tana ba shi tsoro. Ya ga matarsa ta tsufa, ya faɗa mata, ta ce da ma an bar masa yanarsa. Ya ga ashe jikarsa tana da ɗan tabo a haɓa.

Sanyin bai gama fita ba ya koma aiki. Ranar da hazo ya sake tasowa, kafin a tashe shi ya tashi, ya buɗe ƙofa ya shaƙi iska, amma bai ce akwai baƙuwa ba. A tasha ya hau tsanin a hankali, ya goge gilashin da hannun riga, ya manna goshi, ya kunna tocilar Yaya.

Komai ya fito tar. Kowane fiffike da gefensa, suna sheƙi, ba ɗigon fari ko ɗaya. Ya ga kawunan kusoshi. Ya ga inda fenti ya ɓare. A ƙasa, ɗan gefen hagu, ya ga lotsawar da faifan ya yi wa daɓen ƙarfe, wadda ya yi shekaru bai gani ba. Ya karkata tocilar ta fuskar nan da ya saba. Ya sake karkatawa. Ya ɗaga, ya sauke.

Ya daɗe har Dogo ya ƙosa, ya bugo bututun daga can yana tambaya. Mai Leƙe ya ciro sifana ya buga sau ɗaya. Lafiya.

Bai sauka ba. Ya mayar da sifanar aljihu, ya buɗe tafin hannunsa ya ɗora a kan gilashin, ya ɗan bubbuga a hankali, yadda ake tashin mai barci. Ba wanda ya juyo.